Ku Tambaya Mu Amsa: Na buɗe shafi amma Google bai san da ni ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk bakinsu ɗaya, maganar Google ce da yadda mutum zai sa shafinsa ya riƙa fitowa in an yi bincike, abin da 'yan harkar ke ce wa SEO a taƙaice. Na zaɓi guda shida, na bar su yadda masu su suka rubuto, sunaye kawai na cire.

TAMBAYA: Salam malam, dan Allah inada tambaya. Ni tela ce inada shago a Kasuwar Barci, ina dinkin mata da na amare. Wata uku kenan wani yaro dan unguwarmu ya budemin shafi a intanet harda hotunan dinkina masu kyau, na biyashi kudinsa cas. Amma wlh ko sunan shagon na rubuta a Google baya fitowa, saidai in na turama mutum linkin a WhatsApp ya danna. Shin cutata yayi ko nice ban gane ba? Daga wata 'yar'uwa, Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki yi saurin cewa ya cuce ki, tunda dai in an danna linkin shafin yana buɗewa to ginin kam ya yi, saura sanarwa, kuma yawancin yaranmu masu haɗa shafuka a nan suke tsayawa, ba mugunta ba ce, ba a koya musu sauran ba ne.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, lokacin da kika rubuta abu a Google ba fita yake yi ya zaga intanet a wannan daƙiƙar ba. Kundinsa yake dubawa, wanda ya riga ya tara tun tuni. Yana da wata manhaja da ake kira Googlebot, ita ce 'yar aikensa, dare da rana tana yawo daga wannan shafi zuwa wancan, kuma hanyar da take bi ita ce linki, in ta shiga shafi ta ga linki zuwa wani sai ta bi, can ma ta ga wani ta bi, haka dai ba tsayawa. Abin da ta karanto sai ta kai gida a duba, in ya cancanta a shigar da shi kundi. Sai an shigar da ke kundin nan ne ma ake fara maganar wa zai zo a sama wa zai zo a ƙasa. Wato sai an gano ki, a rubuta ki, sannan a jera ki, ke kuma ina kyautata zaton tun a na farko kika maƙale.

Ki ɗauka sabon shago ne aka gina can ƙuryar kasuwa bayan layin 'yan gwanjo, ba allo, ba lungun da ya nufo shi, masu karɓar kuɗin kasuwa ma ba su san da zamansa ba balle su sa shi a rajista. Wanda kika kama hannunsa kika kai shi zai gani, shi ne linkin da kike turawa, amma Googlebot ba ta shiga hirarki ta WhatsApp.

Ga gwajin da za ki yi yanzu da wayarki. Ki buɗe Google ki rubuta site: sai ki manna adireshin shafin a jikinsa ba tare da barin fili ba, ki bincika. In shafukanki sun fito to kina cikin kundi, matsalar ta jeri ce. In ba abin da ya fito, to ki kira yaron nan ku zauna tare.

Abu na farko da za ku duba, bari in ba ki labarin da ya sa nake fara wa da shi. Bara na je shagon wani bawan Allah mai sayar da labule da zannuwan gado a wajen Ahmadu Bello Way, shi shafinsa ya kusa shekara ba ya fitowa, har ya fara cewa ko hannu aka sa masa. Muka zauna a kan benci a bakin shagon, an ɗauke wuta, kwamfutar ɗansa saura kaɗan cajin ya ƙare, muka jona ta da datar wayata. Shafin da WordPress aka gina shi, wata manhajar gina shafuka. Na shiga Settings na danna Reading, na gangara ƙasa, sai ga wani ɗan akwati da aka yi wa maki, wanda ma'anarsa ita ce ana roƙon injinan bincike kada su shigar da wannan shafi kundinsu. Mai ginin ne ya sa makin lokacin da yake aiki don kar a ga shafin bai ƙarasa ba, da ya gama ya manta bai cire ba. Dannawa ɗaya na cire shi. Mutumin nan ya riƙe baki ya daɗe yana kallon allon, ya ce yanzu wannan ɗan abin da bai kai ƙwayar wake ba shi ya ci mini shekara? Ba a yi sati biyu ba ya kira ni yana murna, ya ga sunan shagonsa. Rashin sani dai ya fi dare duhu. In ba WordPress ba ne naki, yaron ya duba ko akwai kalmar noindex a cikin lambobin shafin, ya kuma leƙa ɗan fayil ɗin da ake kira robots.txt ko an rufe wa Googlebot ƙofa a can.

Bayan wannan sai ku buɗe Search Console, na Google ne kuma kyauta ne, ko sisi ba a biya. Za ku tabbatar masa cewa shafin naki ne, ku ba shi taswirar shafin, wato fayil ɗin sitemap mai jerin duk adireshin da ke ciki, sannan akwai wurin da ake manna adireshi a sama a ga ko an shigar da shi, in ba a shigar ba a nemi a zo a duba. Google da kansa ya ce abin yana iya ɗaukar 'yan kwanaki zuwa 'yan makonni, don haka kar ki yi ta nema sau goma a rana, ba ya ƙara sauri.

Sai abu ɗaya da ba ki tambaya ba amma ya dame ni. Da imel ɗin wa aka yi rajistar sunan shafin? Kalmar sirrin tana hannunki? Hajiya ki karɓa tun kuna shiri da yaron, domin sunan shafi haya ce ta shekara-shekara, in lokacin sabuntawa ya yi shi kuma ya tafi bautar ƙasa ko ya canza layi, shafin zai mutu kina ji kina gani.

TAMBAYA: Ranka ya dade, ni makeri ne a Panteka, muna kofofi da tagogi da tankin ruwa. Wani ya sameni yace in bashi dubu 150 zai sani na daya a Google cikin sati daya, yace zai siyomin linki dubu biyar daga kasar waje. Kafin in bada kudin nace bari inji ta bakinka. Daga wani magidanci, Badarawa.

AMSA: Maigida ka kyauta da ka tambaya, riƙe kuɗinka. Wallahi riƙe kuɗinka. Babu wanda zai iya yi maka alƙawarin zama na ɗaya, Google da kansa ya rubuta a shafinsa na taimako cewa a yi hattara da duk mai yin irin wannan alƙawari. Kuma ka tambaye shi, na ɗaya in an rubuta me? In cikakken sunan shagonka ne ai dama ba mai takara da kai a kansa. Abin da zai kawo maka ciniki shi ne wanda bai san ka ba ya rubuta mai ƙera ƙofa a Kaduna ya gan ka.

Maganar linki kuwa tana da asali, shi ya sa 'yan damfara ke fakewa da ita. Larry Page da Sergey Brin, waɗanda suka kafa Google a 1998, suna ɗalibai a jami'ar Stanford ta Amurka suka fito da dabarar da suka kira PageRank. Tunaninsu shi ne duk shafin da ya sa linki zuwa naka kamar ya yi maka shaida ne, kuma shaidar mai mutunci ta fi ta wanda ba a sani ba nauyi. Kai ka fi ni sanin wannan, in babban ɗan kwangila ya ce wa mai gini je wurin wane a Panteka aikinsa ba ya tsatsa, maganarsa guda ta fi ta 'yan kamasho ɗari da aka ba su na goro su yi ta kiran sunanka a bakin titi. To da mutane suka gane linki na da daraja sai suka fara saye da sayarwa, ana buɗe shafukan banza dubbai ba don komai ba sai don a zuba linki. A watan Afrilun 2012 Google ya fito da gyaran da aka sa wa suna Penguin don maganin wannan, shafuka da yawa da suka hau ta wannan hanya suka rikito. Yau in ka sayi linki dubu biyar, mafi sauƙin abin da zai same ka shi ne Google ya yi watsi da su kuɗinka ya tafi a banza, in kuma ka yi rashin sa'a a hukunta shafin. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Akwai hanyar hawa sama da kuɗi ta halal, ita ce talla ta Google Ads, ka ga waɗanda ke fitowa a can sama da alamar cewa an ɗauki nauyinsu, to su ne. Ana cirar kuɗi duk lokacin da wani ya danna, ranar da kuɗin ya ƙare ka ɓace, kuma biyan talla ba ya ɗaga ka a jerin da ba na kuɗi ba, hanyarsu daban. Wasu masu alƙawarin sati ɗaya wannan suke yi, su sa talla ta 'yan kwanaki da kaɗan daga kuɗinka su nuna maka ka ga kanka a sama, su wuce da sauran.

Kai abin da ya fi dacewa da sana'arka ma ba sai da shafi ba. Ka buɗe Google Business Profile, shi ne ke sa shago ya fito a taswira da lambar waya da hotuna da lokacin buɗewa, kyauta ne shi ma. Sau da yawa za su ce ka ɗauki bidiyon wurin don su tabbatar, sai ka nuna allon shagon da injin walda da layin da kuke. Google ya ce abu uku yake dubawa a nan, dacewar sana'arka da abin da aka nema, kusancinka da mai neman, da kuma yadda aka san ka. Ka sa alamar a daidai ƙofar shagon ba tsakiyar kasuwa ba, Panteka ba wurin da baƙo zai gane da sauƙi ba ne. Ka ɗora hotunan aikin hannunka na gaske, ƙofar da ka kafa a wani gida a Malali, tankin da ka ɗora a Rigasa. Duk wanda ka yi wa aiki ya ji daɗi ka roƙe shi ya rubuta ra'ayinsa, ko da Hausa ne, amma kar ka biya kowa ya rubuta ƙarya, dokarsu ta hana kuma suna gogewa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni dalibi ne, na bude shafin labarai da Hausa a Blogger shekara daya kenan, kullum ina saka labari goma ko fiye, ina daukowa daga manyan kafafe kamar BBC Hausa da Aminiya in dan canza take. Amma masu shiga basa wuce ashirin a rana kuma AdSense sun ki karbata har sau uku. Abokina yace matsalar Hausa ce, in koma Turanci. Meye shawara? Daga wani dalibi, Unguwar Dosa.

AMSA: Ƙanena, zan gaya maka gaskiya ko da za ta yi ɗaci domin ƙwazonka ya burge ni, labari goma kullum tsawon shekara ba ƙaramin aiki ba ne ga mai karatu. A maganar ƙarancin masu shiga, matsalar ba Hausa ba ce. Kwafi ne.

Ka sa kanka a matsayin Google. Labari guda yana wurin wanda ya tura wakili ya ɗauko shi, ya riga kowa wallafawa, shekara da shekaru ana yi masa linki, sannan ga shi a wurinka da wasu irinka hamsin an canza take kawai. Wanne za ka nuna wa mai nema? In shafuka suka yi kama da juna Google ɗaya yake zaɓa ya nuna, sauran ya ajiye su gefe, wani lokaci ma Googlebot ta zo ta karanta ta tafi ba a shigar da su kundi ba. Tun a Fabrairun 2011 ya fito da gyaran Panda don rage darajar shafukan da ba su da abin kansu, a Agustan 2022 ya ƙara wani da ya ce manufarsa fifita rubutun da aka yi don amfanin mutane ba don injin bincike ba, a Maris ɗin 2024 kuma ya tsaurara doka kan masu zuba shafuka barkatai, ko mutum ya rubuta ko manhajar AI. AdSense ma, wato tsarin Google na sa talla a shafinka a biya ka, abin da suke nema ke nan, abin da kai ka samar. Ban da haka akwai haƙƙi, ɗan jaridar nan ya sha rana kafin ya samo labarin, kai ma ba za ka so a yi maka ba.

Shawarar abokinka kuwa ban karɓe ta ba ko kaɗan. In ka koma Turanci da wa za ka yi takara? Da duniya gaba ɗaya, da kamfanonin da ke da ma'aikata ɗaruruwa. A Hausa fa filin a buɗe yake, kai da kanka ka gwada, rubuta tambaya da Hausa a kan wani abu na rayuwar yau da kullum ka ga abin da zai fito. Labaran siyasa da na 'yan fim ka same su tuli, amma da ka nemi yadda ake abu kaza sai ka ga wani tsohon rubutu rabi da rabi, ko wata fassarar inji da ba kai ba gindi, ko ma a jefa ka shafin Turanci. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, mutane miliyoyi suna magana da harshen nan, da shi suke tambaya, amma masu amsawa kaɗan ne, mu da za mu amsa mun tsaya muna kwafar juna.

Kana zaune a Kaduna, akwai abin da ka sani wanda babu wani a Landan ko Legas da zai rubuta. Jirgin ƙasan Abuja ya fara aiki tun 2016, amma ka nemi bayani mai kyau da Hausa na yadda baƙo zai tashi daga tashar Kawo ya kai tashar jirgi ta Rigasa, wace mota ko wane keke zai hau, a ina zai sauka ya canza, da wane lokaci ya kamata ya bar gida saboda cunkoso, me za a tambaye shi a ƙofa. Ka je da ƙafarka ka bi hanyar, ka ɗauki hotuna da wayarka, ka rubuta, in farashi ya canza ka dawo ka gyara ka sa kwanan wata. Ko yadda sabon ɗalibi zai yi rajista a makarantarku mataki-mataki, tunda kai ka sha wahalar layin. Ko wane ɓangare na Kasuwar Gumi ake samun abu kaza. Rubutu ɗaya irin wannan a sati ya fi kwafi saba'in, kuma ba ya tsufa da wuri kamar labari, bayan shekara ma ana nemansa. Irinsa ne kuma mutane ke turawa junansu, wani mai shafi ya sa maka linki ba ka roƙe shi ba.

Don ka san me ake nema, ka fara rubuta yadda ake a akwatin Google ka tsaya, ka ga abin da zai ƙarasa maka da kansa, waɗannan daga binciken mutane suke fitowa. Ka sa take ya faɗi abin da ke ciki da irin kalmomin da mutane ke furtawa, in jama'a na cewa kuɗin mota kar ka rubuta wata doguwar Hausar ofis. Ka daina irin taken nan na innalillahi ku kalli abin da ya faru, ba wanda ke rubuta wannan a wurin bincike.

Sai maganar haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Yawancin mutanenmu ba sa sa su in suna bincike a waya, kai ma a saƙonka ba ka sa ba. Ni dai ra'ayina ka rubuta Hausarka daidai a jikin rubutun, Gboard, manhajar rubutu ta waya, na da allon Hausa, domin ƙasa daban kasa daban, kuma mu ne za mu bar wa na baya ingantaccen rubutu. Amma adireshin shafin ka bar shi da haruffa marasa lanƙwasa don ya yi sauƙin turawa, sannan in ka wallafa ka bincika kalmar ta fuska biyun ka ga inda kake fitowa, Search Console ma zai nuna maka ainihin yadda mutane suka rubuta kafin su iso gare ka. Kuma kar ka cakuɗa Hausa da Turanci rabi-rabi a shafi guda, Google daga rubutun da ido ke gani yake gane harshen shafi, in kana son duka biyun kowanne ka ba shi shafinsa.

TAMBAYA: Wai gaskiya ne in na maimaita kalma kamar sau hamsin a kasan shafi da farin rubutu yadda mutane bazasu gani ba zan hau sama? Daga wani matashi, Kakuri.

AMSA: A'a ɗan'uwa, an daɗe da wuce nan. Ɓoye rubutu da cusa kalmomi duk suna cikin abin da dokar Google ta kira zamba a fili, kuma Googlebot tana ganin abin da ka ɓoye. Shi ma ɗan gurbin nan na zuba kalmomi a kan shafi da wasu ke cikawa har yanzu, tun 2009 Google ya sanar cewa ba ya amfani da shi wajen jeri. Ka sa kalmar a take, ka sa ta a farkon bayani inda ta dace, sauran ka yi magana kamar kana yi wa mutum bayani.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Ina saida turaren wuta da humra da atamfa daga gida. Shafina yana fitowa a Google amma kwastomomi suna cemin baya budewa da wuri, wasu kuma sunce wayarsu na nuna musu wai ba tsaro. Ni a kwamfutar mijina lafiya lau yake budewa. Daga wata uwargida, Unguwar Rimi.

AMSA: Lafiya lau ƙanwata. Kwamfutar maigida ba ita ce ma'auni ba, ta riga ta adana hotunan a cikinta shi ya sa kike ganin sauri. Kwastomarki tana can Rigasa ko Mando da ƙaramar waya, sabis sanda biyu, data saura kaɗan, in ta danna ta ga farin allo ta ƙirga biyar ba komai fita za ta yi ta tafi wurin wata. Google ma ta fuskar waya yake kallon shafi yanzu, tun 2018 ya fara sauyawa zuwa haka, a 2023 ya ce ya kammala. Ma'aunin da ya bayar shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5.

Na buɗe linkin da kika turo, kuma na ga inda gizo ke saƙar. Hotunan atamfofin nan yadda kyamara ta ɗauke su haka aka ɗora, kowanne nauyinsa ya kai megabayit huɗu ko biyar, ga su kusan talatin a shafin farko. Kafin ki ɗora hoto ki rage shi, akwai Squoosh da TinyPNG duk kyauta, za su mayar da shi ƙarami ba tare da zanen atamfar ya dushe ba. Ki raba kayan, turare shafinsa daban atamfa daban, kowanne da ɗan bayani a rubuce, sunan kayan, yadi nawa, ana kai wa har gida a cikin Kaduna ko a'a. In an gama ki manna adireshin a PageSpeed Insights, ma'aunin saurin shafi na Google, ki duba sakamakon ɓangaren waya, sannan ki ari ƙaramar wayar wata maƙwabciya ki gwada da idonki, gani ya kori ji.

Maganar ba tsaro kuwa, adireshinki da http ya fara ba https ba. Tun Yulin 2018 Chrome ke yi wa irin waɗannan shafuka wannan tambari, kuma tun 2014 Google ya ce yana ɗan fifita masu https. Takardar shaidar da ake buƙata ana samunta kyauta ta Let's Encrypt, kamfanonin da ke ajiye shafuka da yawa suna da maɓallin kunna ta, ki ce wa wanda ya gina miki ya kunna ya kuma karkatar da tsohon adireshin zuwa sabon. Ki yi wannan da wuri don Allah, mace ba za ta tura kuɗin humra inda wayarta ke mata gargaɗi ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin makaranta ne na yi ritaya. Ina da darussan nahawun Hausa da tarihin Zazzau da na rubuta da hannu shekaru masu yawa, da wasu da na karanta a murya. Jikana ya dauki hotunan takardun ya dora a intanet tare da muryoyin, amma ba a samunsu sai an san inda suke. Ina so dalibai su amfana ko bayan raina. Daga wani dattijo, Unguwar Sarki.

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa wannan aiki ya zama sadaka mai gudana. Saƙonka na fi daɗewa a kansa cikin duka, domin irin abin da ke hannunka shi ne ainihin abin da nake gaya wa ɗalibin can cewa babu shi a intanet.

Jikanka ya yi ƙoƙari, sai dai rubutun da aka buga da haruffa shi ne abincin injin bincike. Hoton takardar da aka rubuta da biro da fayil ɗin murya, in ba rubutu a gefensu, ba abin da zai haɗa su da tambayar ɗalibin da ke neman ma'anar wakilin suna ko labarin ganuwar Zariya. Don haka sai an zauna an buga su. Kada yawan ya tsorata ku Baba, darasi ɗaya a sati ya isa, kai kana karantawa shi yana bugawa, in ya gama ya karanta maka ka gyara, musamman haruffa masu lanƙwasa da sunayen sarakuna da shekaru. Kowane darasi a ba shi shafinsa da takensa, misali Wakilin Suna a Nahawun Hausa, kada a tara duka a shafi guda mai suna darussa. Hoton rubutun hannunka a bar shi a ƙasan wanda aka buga tare da ɗan bayanin abin da ke ciki, muryar ma a sa ta nan. A ƙarshen kowane darasi a sa linki zuwa na gabansa da na bayansa yadda ɗalibi da Googlebot duk za su bi su ɗaya bayan ɗaya. A kuma buɗe shafi guda da zai faɗi ko kai wane ne, inda ka koyar da shekarun da ka yi kana koyarwa, mai karatu yana son sanin daga bakin wa yake ɗaukar ilimi.

Tunda ka ambaci bayan rai, ga shawarata. Shafin da ake biya wa haya duk shekara yana mutuwa ranar da aka daina biya, saboda haka ko da kun sayi suna na kanku, ku ajiye kwafin komai a wurin da ba a biya, Blogger kyauta ne, Internet Archive ma suna karɓar takardu da muryoyi kyauta. Kalmar sirrin a rubuta ta a takarda a ba mutum biyu cikin iyali. In kun buga darasin farko jikan ya turo mini linkin ta adireshin mujalla, zan duba masa Search Console ɗin da kaina mu ga ko an shigar da shi.